Kumburin hannu ko ƙafa da ya ƙi sauka: tausar asibiti, bandeji, inji, ko ta masu gyaran jiki?

Duk wanda kumburi ya zauna masa a hannu ko a ƙafa ba ya rasa masu shawara. Wannan ya ce a tafi sashen gashi, wato fisiyo, a asibitin koyarwa na Shika. Waccan ta ce ai akwai mai gyaran jiki a Sabon Gari da take tausar da ke "janye ruwa da dattin jiki". Wani ya turo bidiyon injin da ake zura ƙafa a ciki yana hura iska, tsohuwa a gida kuma ta ce a daina wahalar da kai, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Kuɗin hannu ba zai kai ga duka ba, kuma a cikin hanyoyin nan akwai wadda ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba, har kwanciya asibiti.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, tausar jan ruwa, wato tausa mai laushi da likitan gashi ke yi don kora ruwan da ya taru, aba ce ta gaskiya, tana da gurbinta a asibiti, amma ba ita ce ke ɗauke da nauyin aikin ba. Matsi da bandeji ko safa, da kula da fata, su ne ke riƙe kumburin. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a tausa ya bar waɗannan biyun, zai ga hannu ya yi sauƙi yau, jibi ya koma yadda yake.

Kafin a zaɓa, a san wane kumburi ne

Bayan jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a ƙarƙashin fata da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo daga jini zuwa cikin nama, su bi da shi ta cikin kaluluwa, su mayar da shi cikin jini a gindin wuya. Shi ne ruwan limf. Kaluluwar nan da ke tasowa a matsematsi in mutum ya ji ciwo a ƙafa, ɗaya ce daga cikin ɗaruruwan irinta da ke jiki, a wuya, a hammata, a ciki. Zuciya ba ta harba wannan ruwa yadda take harba jini. Motsin tsoka, da numfashi, da 'yar matsawar da hanyoyin ke yi da kansu, su ke tura shi. Idan hanyar ta lalace ko aka cire kaluluwar, sai ruwan ya taru. Ruwa ne mai kauri, ɗauke da furotin, shi ya sa in ya daɗe fata take taurara, kitse ya taru a wurin.

A wajenmu abubuwa biyu ne suka fi kawo shi. Na farko aikin sankarar mama, inda ake cire kaluluwar hammata ko a gasa wurin da na'ura. Kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa wannan jinya hannunta kan kumbura, wani sa'in bayan watanni, wani sa'in bayan shekaru. Na biyu tundurmi, wanda wata tsutsa ce da sauro ke yaɗawa take zama a cikin hanyoyin limf ta ɓata su. Ƙiba mai yawa, da ciwon jijiyoyin ƙafa, da yawan kamuwar fata da ƙwayoyin cuta su ma suna kawo shi.

Sai dai ba kowane kumburi ne wannan ba, kuma nan ne tausa ke iya yin kisa. Ƙafa biyu sun kumbura, mutum yana haki, ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matasai: a duba zuciya. Fuska ce ke kumbura da safe, fitsari ya ragu ko yana kumfa: a duba ƙoda. Ciki ya taso, ido ya yi rawaya: hanta. Ƙafa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, sha-raɓa tana ciwo: yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza gudan ya ɓalle ya tafi huhu, sai dai wani labarin. Mai ciki da fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai, awon jini take bukata a ranar, ba tausa ba. Masu shan amlodipine don hawan jini kuma su sani shi kansa yana kumbura idon sawu, maganin wannan shi ne a koma wa likitan da ya rubuta shi.

Mu nan Zariya muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan da mai jego. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a garin nan, har sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci saboda yawan abin. Sun danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa, da kunun kanwa. Masu bincike na baya sun yi ta muhawara a kan ko waɗannan ne ainihin sababi, amma cutar kanta babu mai musun tana nan. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana tari da haki, ba mai tausa za a kira mata ba.

Akwai ɗan gwajin da likitoci kan yi: a tsunkuli fatar da ke gindin yatsan ƙafa na biyu, ta sama. In ta ƙi ɗagowa, ta yi kauri ta manne, alama ce mai ƙarfi ta kumburin limf. Duk abin da zan faɗa daga nan, ga wanda likita ya tabbatar masa da wannan ne.

Ma'aunin da na bi

Na farko, shin hanyar tana rage kumburin a aune? Ba "na ji sakayau" ba. Tef ɗin tela ya isa: a auna wurare guda huɗu ko biyar a gaɓar, a sa alama, a riƙa auna wurin da safe ana rubutawa a littafi. Na biyu, sauƙin yana ɗorewa, ko na yini ɗaya ne? Na uku kuɗi, amma na shekara, ba na zama ɗaya ba, domin wannan lalura ce da ake zama da ita, lallaɓa ta ake yi. Na huɗu, za a iya yi a halin da muke ciki? Zafin bazara, rashin wutar lantarki, nisan asibiti, alwala sau biyar, da kunyar buɗe jiki duk suna cikin lissafi. Na ƙarshe, wanda na fi ba nauyi, me hanyar ke yi wa fata? Gaɓar da ruwa ya taru a cikinta ba ta iya kare kanta da kyau. Ɗan ƙwarzane ya isa ƙwayoyin cuta su shiga, ƙafa ta yi ja ta yi zafi, zazzaɓi da rawar ɗari su rufe mutum. Kowane irin wannan tashi yana ƙara ɓata hanyoyin da suka rage, kumburin ya ƙara gaba.

Tausar jan ruwa a hannun likitan gashi

Emil Vodder da matarsa Estrid, mutanen Denmak, su suka tsara ta lokacin da suke aiki a Faransa, ya kuma gabatar da ita a birnin Faris a 1936. Daga baya likitoci a Jamus, musamman Michael Földi da matarsa Ethel, suka kafa tsarin da ake bi yanzu, wanda ya haɗa abu huɗu: tausa, ɗaurin bandeji, motsa jiki da kula da fata.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yin ta ba zai yi mamaki. A ce hannun dama ne ya kumbura bayan aikin mama. Mai jinya za ta kwanta, babu man zafi, babu murza. Likitar ba za ta fara da hannun ba. Sai ta sa ta yi dogon numfashi har ciki ya ɗago, sannan ta ɗora yatsu a gindin wuya tana ɗan jan fata a hankali tana saki. Daga nan ta koma hammatar hagu, wadda ba a taɓa ba, ta bi ta ƙirji ko ta baya tana kora ruwa zuwa can, ko ta gangara da shi ta haƙarƙari zuwa matsematsin dama. Sai can daga baya ta zo kafaɗa, dantse, gwiwar hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Wanda ya taɓa yashe kwata da damina ya san dalili: daga bakin da ruwa zai fita ake fara buɗewa, in ka turo shi daga sama alhali ƙasa a toshe take, tsakar gida zai dawo maka.

Hannun kuma ba ya nauyi. Fata kawai yake motsawa, ba ya kai wa ga tsoka, ba ya sa wuri ya yi ja. Tsofaffi ba sa jin daɗin wannan. Za ka ji Hajiya ta ce, "Yarinya, ai ba ki danna ba, shafa kawai kike yi." Amsar ita ce, "Hajiya, haka ake so." Hanyoyin suna dab da fata, danna mai ƙarfi rufe su yake yi. Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa awa guda.

To nawa take ragewa? A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 6 da aka yi a kan matan da hannunsu ya kumbura bayan sankarar mama. Bandeji shi kaɗai ya rage kashi 30 zuwa 38 cikin 100 na abin da ya ƙaru a hannun. Da aka ɗora tausa a kai, sai aka sami ƙarin kusan kashi 7, kuma masu ƙaramin kumburi da matsakaici ne suka fi amfana. Kashi 7 ba banza ba ne, musamman ga wadda kafaɗarta ke mata nauyi. Inda tausa ta fi nuna kanta kuwa shi ne wuraren da bandeji ba ya kamawa: ƙirji, gefen hammata, fuska, wuya, al'aura.

Kuɗinta ba na kati da zama kaɗai ba ne. Zangon farko ana so a yi shi kusan kullum, kwana 5 a mako, tsawon mako 2 zuwa 4. Zuwa 10 zuwa 20 ke nan. Wadda ke cikin birni ko Tudun Wada ta lissafa kuɗin mota zuwa Shika da dawowa, nata da na ɗan rakiya, da aikin gida ko kasuwar da za a bari. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen gashi da kuma cibiyar masu sankara, don haka nan ne wurin fara tambaya. A ko'ina a duniya ba kowane likitan gashi ne ya yi horo na musamman a kan wannan tausa ba, saboda haka babu laifi a tambaya kai tsaye: kun saba da kumburin limf? Za ku naɗa bandeji bayan tausar? Za ku koya mini in riƙa yi a gida? Wanda zai zo gida ya yi, a tabbata yana da rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista. Tun da aikin ya shafi hammata, ƙirji da matsematsi, mace ta nemi mace tun ranar farko, kada kunya ta sa ta yanke zuwa a tsakiya.

Ba a yin ta in fata ta yi ja da zafi ko akwai zazzaɓi, ko ana zargin daskarewar jini, ko zuciya ko ƙoda ta gaza. Mai sankarar da ake kan jinyarta kuma sai da yardar likitanta.

Bandeji da safar matsi

Wannan ita ce hanyar da mutane suka fi rainawa, kuma ita ce ta fi aiki. Ɗaurin ba irin na targaɗe ba ne. Ana shafa mai, a zura siririyar safar auduga, a naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa auduga ko soso mai laushi, sannan a bi da bandeji hawa-hawa, matsin ya fi ƙarfi a ƙasa yana raguwa zuwa sama. Ana kwana da shi, wanka kawai ke sa a kwance. Bandejin da ake so shi ne wanda ba ya talewa sosai, irin su Comprilan ko Rosidal K. In mutum yana tafiya tsoka ta kumburo ta tarar da shi bai ba da hanya ba, sai ruwa ya haura sama, in ya kwanta kuma matsin ya sassauta. Wanda ya fi yawa a kemis mai talewa ne: wani ba ya matsa komai, wani kuma yana matsa jiki har cikin barci, ya nannaɗe ya shiga fata.

Bayan kumburin ya sauka ya tsaya, sai a auna safa. A lura, bayan ya sauka, ba kafin ba, in ba haka ba an sayi wadda za ta yi yawa cikin mako biyu. Safar aji-aji ce gwargwadon ƙarfin matsinta: a ma'aunin Jamus aji na 1 yana matsa 18 zuwa 21 mmHg (irin ma'aunin awon jini), aji na 2 kuma 23 zuwa 32, na 3 daga 34 zuwa 46. Likita ne zai zaɓi ajin. Farar safar nan da ake sa wa waɗanda aka yi wa tiyata suna kwance a gado ba ita ba ce, matsinta bai kai ba. Ana sa safar da safe bayan wanka, a cire in za a kwanta. Guda biyu ake bukata, ɗaya a jiki ɗaya a wanki, a wanke da hannu a shanya a inuwa. Bayan kamar wata 6 ƙarfinta ya tafi ko da ba ta yage ba.

Amfaninta bai tsaya ga rage girma ba. A wani gwaji da aka buga a 2020 daga Canberra ta Ostareliya, an raba mutum 84 masu daɗaɗɗen kumburin ƙafa da ke yawan samun tashin ja da zazzaɓi gida biyu. A cikin masu sa matsi kashi 15 cikin 100 ne abin ya sake tasar musu, a cikin waɗanda ba sa sawa kuwa kashi 40.

Wahalarta a fili take. Daga waje ake shigo da kayan, farashinsu yana bin dala, kuma sau da yawa sai an yi oda. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Zariya ke tafasa, zama cikin bandeji hawa huɗu jarrabawa ce, shi ya sa wanda kumburinsa ba na gaggawa ba ne zai fi jin daɗin yin zangon ɗaurin da hunturu. Maganar alwala kuma, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin lalura, a tambayi malami tun kafin a fara don hankali ya kwanta. Mai ciwon suga da duk wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, sai an duba jijiyoyinsa kafin a matsa. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko ba a jin taɓawa, a kwance nan take.

Kula da kai a gida

Sabulu, ruwa mai tsabta, ƙyalle mai laushi da basilin ko man kaɗanya. Wannan shi ne ginshiƙin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyar da masu tundurmi tun bayan ƙaddamar da shirin kawar da cutar a 2000. A wanke ƙafar kullum, safe da dare in da hali, da ruwan da ba zafi, a bi kowane lungu na fata har ruwan ɗauraya ya fito fes. A tsane ta da dannawa, ba da gogewa ba. Tsakanin yatsu nan ne ake yin sakaci: a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a tsane, a duba ko wurin ya yi fari ya jiƙe ko ya tsage, domin ta nan cuta ta fi shiga. Mai alwala sau biyar da ke zura takalmi da danshi a tsakanin yatsu ya kula da wannan ƙwarai. Da hunturu faso da kaushi su ne ƙofar, a riƙa shafa mai, amma kada a cusa shi tsakanin yatsu. A ɗaga ƙafa in an zauna, a ɗaga ƙarshen katifa da dare, a riƙa ɗage diddige ana saukewa, kuma a daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida.

Likitan gashi zai iya koya wa mai jinya, ko 'yarta, ko mijinta, sauƙaƙƙiyar tausar da za a riƙa yi minti 15 zuwa 20 kullum. A ganina wannan ce riba mafi girma da ake samu daga zuwa asibiti. Hannun da ya kumbura kuma ba ajiye shi ake yi ba. Wani gwaji a Amurka a 2009 ya nuna ɗaga nauyi a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan da safa a hannu, bai ƙara kumburi ba, har ma ya rage yawan tashinsa.

Wannan hanya ita kaɗai ba za ta mayar da babbar ƙafa daidai da 'yar'uwarta ba. Abin da take yi shi ne hana abin ci gaba. Kuɗinta kaɗan ne, hatsari babu, matsalarta ɗaya: gajiya. Wata uku ana yi, sai a fara tsallake kwanaki.

Injin hura iska

Riga ce ta hannu ko ta ƙafa mai ɗaki-ɗaki, inji yana cika su da iska daga ƙasa zuwa sama, minti 30 zuwa awa guda. Yana taimakawa a matsayin ƙari, musamman ga wanda asibiti ya yi masa nisa. Amma na kirki yana da tsada, yana son wuta kullum, wato sai an lissafa da mai ko sola, in ya lalace kuma ba kowane mai gyara ne ya san shi ba. Babban aibinsa, yana tura ruwa sama ba tare da ya buɗe masa hanya ba, sai ya taru a cinya ko al'aura ko kafaɗa. In an kashe shi ba a sa safa ba, ruwan ya dawo. Ba da shi ake farawa ba.

Tausar masu gyaran jiki

Ga mai lafiya, babu laifi. Amarya ko wadda ta yini a tsaye ta je a yi mata tausa mai laushi, fuska ta ɗan faɗa, ƙafa ta yi sakayau, na wasu awoyi ko yini guda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tallar. Tausa ba ta narkar da kitse, ba ta rage tumbi, "dattin jiki" kuwa hanta da ƙoda ne ke fitar da shi ko an yi tausa ko ba a yi ba. Hoton kafin da bayan da ake sawa a TikTok, yawanci ruwa ne ya ɗan matsa, gobe yana nan. Ga mai kumburin limf na gaske, hatsarin shi ne babu mai tambayar tarihin lafiya, babu awo, babu bandeji a ƙarshe. In ana birgima katako a jiki, ko ana ɗora abu mai zafi, ko an tashi da tabo da tsami, wannan wata tausar ce daban, ko da wane suna aka sa mata.

Tausar gargajiya, gashi da ruwan zafi, ƙaho da tsaga

Tausar tsofaffinmu tana da daɗi ga gajiya da ciwon baya, ban raina ta ba. Amma a gaɓar da limf ya taru, murza mai ƙarfi da gashi da ruwan zafi suna ƙara kwararar jini zuwa wurin, ruwan da ke tsattsafowa ya ƙaru alhali mafitarsa a toshe take. Ƙaho, tsaga da sakiya sun fi muni, don huda fata suke yi. Ruwa zai fito, a ce ga cutar nan tana zuba, amma ramin yakan daɗe yana yoyo bai warke ba, kuma ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Mai yin hijama saboda sunna ya nisanci gaɓar da ta kumbura da ɓangaren da aka cire kaluluwa, ya kuma shawarci likitansa. Haka nan maganin sa fitsari irin su Lasix da ake saya a kemis: yana janye ruwa ya bar furotin ɗin a wurin, ba maganin wannan kumburi ba ne sai in likita ya ba da shi don zuciya ko ƙoda.

Tiyata

Akwai ta haɗa hanyar limf da ƙaramar jijiyar jini, akwai dashen kaluluwa, akwai zuƙe kitsen da ya taru. Aiki ne na ƙwararru ƙalilan, mai tsada ƙwarai, kuma bayan zuƙe kitse safa ta zama ta har abada. Gwaiwa, wadda ita ma tsutsar tundurmi kan kawo, ita ce kaɗai ta fita daban: tiyatarta sananniya ce, ana yin ta a manyan asibitoci, kuma tana warkarwa.

| Hanya | Rage kumburi | Ɗorewa | Kuɗi a shekara | Sauƙin yi | Hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tausar likitan gashi | Kaɗan ita kaɗai, ƙari mai kyau a kan bandeji | Gajere in babu matsi | Matsakaici zuwa mai yawa, har da mota | Zuwa kusan kullum a farko | Kaɗan, in an tantance |
| Bandeji da safa | Mafi yawa | Muddin ana sawa | Mai yawa, sabuntawa duk wata 6 | Zafi, sai an koya | In an ɗaure ba daidai ba, ko jini ba ya isa |
| Kula da kai | Kaɗan, amma yana hana ƙaruwa | Muddin ana yi | Mafi arha | Sauƙi, sai dai naci | Babu |
| Inji | Matsakaici | Gajere in babu safa | Tsada a farko, ga wuta | Sauƙi in akwai wuta | Tara ruwa a cinya ko al'aura |
| Masu gyaran jiki | Na ɗan lokaci | Awoyi zuwa yini | Yana taruwa | Sauƙi | Rashin tantancewa, murza |
| Gashi da ruwan zafi, ƙaho, tsaga | Babu | Babu | Arha | Sauƙi | Babba |
| Tiyata | Mai yawa ga wanda ya dace | Dogo, galibi da safa | Mafi tsada | Wuyar samu | Na tiyata |

Wa ya dace da wanne

Wadda aka yi wa aikin mama, hannu ya fara nauyi, zobe ko awarwaro ya fara kamawa amma yana sauka da safe: ta koma asibitin da aka yi mata aiki yanzu, a auna, a ba ta safar hannu, a koya mata tausar gida. A wannan mataki kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa.

Wanda kumburinsa ya zauna, ba ya sauka ko an kwana: cikakken zango na mako 2 zuwa 4, tausa da bandeji tare, sannan safa. In kuɗin ba zai ɗauki duka ba, a rage yawan zaman tausa, kada a rage bandeji. A je da wanda zai koyi ɗaurin, ya ɗauki bidiyonsa a waya.

Wadda kumburin ya fi yawa a ƙirji, gefen hammata, fuska ko wuya: nan tausar ƙwararre ta cancanci kuɗinta, ita za a sa a gaba.

Mai tundurmi da ke yawan samun tashin zazzaɓi: wanki da tsanewa kullum, takalmi, gidan sauro, da zuwa asibiti a ranar da ƙafa ta yi ja. A lokacin tashin babu tausa, babu motsa jiki, sai ɗaga ƙafa, ƙyalle mai sanyi da maganin da likita ya rubuta. In abin yana dawowa sau biyu ko fiye a shekara, a tambayi likita batun penisilin na rigakafi. Mectizan da albendazole da ake rabawa a unguwanni a sha su, suna kashe 'ya'yan tsutsar suna kare iyali da maƙwabta, amma ba sa sauke ƙafar da ta riga ta kumbura. Mai gwaiwa kuma likitan tiyata zai gani.

Wanda ke ƙauye, ko tsohon da hawa mota kullum zai gagare shi: zuwa biyu ko uku don awo da koyo, sauran a gida, a riƙa komawa da littafin awo duk bayan 'yan watanni. Inji sai in akwai safa, akwai wuta, kuma likita ya saita ƙarfinsa.

Mai lafiya da ke son jin daɗin jiki kafin biki: ta je wajen mai gyaran jiki, ta biya kuɗin hutu, kada ta biya kuɗin rage ƙiba.

Mai ciki, mai jego, mai haki, da wanda ƙafa ɗaya ta kumbura masa farat ɗaya tana ciwo: babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta dace da su tukuna. Asibiti mafi kusa, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko Wusasa, ko Shika, a ranar da aka ga alamar.